Ni Na Ce Ta Ci Gaba da Wasa

Anti Rafia, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin Juma'a mai zuwa. Kwanakin da suka rage min ke nan, kuma a unguwar nan babu wanda zan faɗa wa wannan magana ba ta riga ni isa ƙofar masallaci ba. Na sauya sunayen kowa. Ki yi haƙuri in na yi ta kewaye-kewaye, kaina ba a daidai yake ba.

Ni 'yar Zariya ce, mijina mutumin Maraɗi. Shekararmu goma sha biyar a Bronx, nan Amurka, a unguwar Parkchester muke zaune. Shi direba ne a wani ofishin jakadanci, ni kuma ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. 'Ya'yanmu uku. Babbar, wadda zan kira Safiatu a nan, shekararta goma sha uku. Ko ba don sirri ba, ainihin sunanta ba ya fita a bakina, 'yar fari ce, kuma sunan uwar mijina ta ci. Kin san yadda aka rene mu. Ba a yabon ɗan fari a gaban mutane, ba a shigar masa faɗa, in ya faɗi ma kawar da kai ake yi a bar wata ta ɗaga shi. Haka uwata ta yi min, ban kuma taɓa shakkar tana ƙaunata ba.

Yarinyar nan tun tana 'yar shekara shida ba abin da take so sai ƙwallo. Lemo, safa da aka dunƙule, takalmin ƙaninta, duk abin da ƙafarta ta samu sai ta doka. Da makwabtanmu na ƙasa suka gaji da buga mana silin da sandar tsintsiya, sai muka kai ta wata ƙungiyar 'yan mata. Kocinsu Ba'amurke ne, kuma ban ɓoye miki ba, raina shi na yi. A ci su bakwai da nema, ya tsaya yana tafa musu wai sun yi ƙoƙari. Yara suna kiran sunansa gatsau kamar sa'ansu. Yarinya ta ɗan yi tuntuɓe sai ya fitar da ita, ya zaunar, ya ɗauko takarda yana rubuce-rubuce. Na ce wa mijina wannan ba koci ba ne, mai raino ne. Ga shi lokacin atisayensu yana cin karo da Islamiyya, ga gajeren wando da nake ta faɗa a kai.

Sai muka ji labarin Koci Issoufou, ɗan garin su mijina, wanda ya tara 'yan mata goma sha takwas, yawancinsu 'ya'yan 'yan'uwanmu na Ghana da ke unguwar University Heights, sauran namu na Najeriya da Nijar. Anti, duk abin da muke nema a jikin koci mun same shi a wurin mutumin nan. Yana salla. La'asar ta yi zai tsayar da atisaye a shimfiɗa darduma a gefen fili. Ya je ya yi magana da lig, wato hukumar da ke shirya gasar, har aka daina yi wa yaranmu tambaya a kan ɗankwali da dogon wando. Yana da mata da 'ya'ya, an san gidan da ya fito. In ya gan ki sai ya rusuna ya gaishe ki da Hausa, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya. Ba ya wasa da horo, wadda ta makara sai ta zagaye fili sau biyar, wadda ta faɗi jarrabawa a makaranta ba ta buga wasa. In an tashi da kansa yake raka su tashar jirgin ƙasa. Kuma yana cin wasa, wannan ma kada in yi miki ƙarya, ya yi mana daɗi. Ranar da muka kai ta, mijina ya kama hannunta ya sa a nasa, ya ce amana ce, 'yarsa ce daga yau, ya yi mata yadda zai yi wa tasa. Mun binciki sallarsa da aurensa da asalinsa. Akwai wata takarda da lig ya ba iyaye a kan buguwar kai, na sa mata hannu a tsaye, ina sauri in kama jirgi, ban karanta ko layi ɗaya ba.

Ranar wata Asabar a watan Oktoba aka yi wasan kusa da na ƙarshe. Muna gefen fili, kowace uwa da kujerarta ta naɗewa da filas ɗin shayi. Muna da ci ɗaya, saura kamar minti ashirin. Safiatu a baya take wasa, ita ce ke tare musu komai. Aka bugo ƙwallo sama, ta yi tsalle, wata yarinya ta ɗaya ƙungiyar ita ma ta yi tsalle, kawunansu suka haɗu. Daga inda nake zaune na ji ƙarar. Su biyun suka zube. Uwar waccan yarinyar, wata mai jin Sifaniyanci, ta watsar da jakarta ta ruga cikin fili tana ihu, ba ta ma jira an ba ta izini ba, ta rungumi 'yarta ta fita da ita. Wata a cikinmu har ta ce dubi rashin ta ido.

Tawa ta tashi da kanta. Na ga tana tangaɗi, na ga ta nufi wajen da ba nasu ba sai da aka juyo da ita. Na gani da idona, Anti, ba labari aka ba ni ba. Amma ban motsa daga kujerar ba. Koci ya shiga ya zuba mata ruwa a ka, ya tofa mata addu'a. Alƙalin wasa ya tambaya ko akwai iyayenta a wurin. Sai Koci ya juyo ya ɗaga murya, ya tambaye ni da Hausa, a gaban matan nan duka, ko in bar ta ta ƙarasa. Idanu suka dawo kaina. Ni kuma bakina ya ce ai na ba shi ita amana, yadda ya gani, kuma ba ƙwai ba ce da za ta fashe. Mata suka yi dariya, ni ma na yi. Koci ya shaida wa alƙalin wasa da Turanci cewa uwarta ta yarda. Safiatu ba ta mayar da Hausa, amma babu abin da ba ta ji.

Ta ƙarasa wasan. Sau biyu ta sake sa wa ƙwallo kai. Muka ci, aka yi ta guɗa. A jirgi mai lamba shida, kafin mu kai tasharmu, ta yi amai a kan takalmanta, ta ce hasken fitila yana soka mata ido. Na ce yunwa ce da rana. Na ba ta maganin ciwon kai, na shafa mata man zafi, na ce ta kwanta. Sai ranar Litinin da nas ɗin makaranta ta kira ni a wurin aiki muka je asibiti.

Abin da ke cin raina shi ne ni ba jahila ba ce a kan wannan. A aikina, in tsohuwar da nake kula da ita ta buga kai ko da a jikin ƙofar firji ne, take zan kira waya, in rubuta rahoto, ko da ita tana rantsuwa lafiyarta ƙalau. An koya min, an yi min jarrabawa, na ci. Uwar wasu nake yi wa haka. Tawa 'yar na bar ta kwana biyu da man zafi.

Likita ta ce ƙwaƙwalwarta ce ta jijjiga a cikin ƙoƙon kai. Ta tambaye ni ko an fitar da ita daga wasan nan take. Na ce ban lura sosai ba. Yarinyar tana kan gado ta juyo ta dube ni.

Yau mako bakwai ke nan. Ciwon kai bai sake ta ba. Rabin yini take yi a makaranta, ba ta iya kallon kwamfuta, ta dawo ta shige ɗaki ta ja labule. Surorin da ta haddace tun tana ƙarama sai ta kama ta tsaya a tsakiya tana lalube. Ƙannenta sun koyi tafiya a kan yatsu. Tana gaishe ni, tana cin abin da na dafa, amma hira ta mutu a tsakaninmu. Sau ɗaya ta yi min doguwar magana, da Turanci, fuskarta na kallon bango. Ta ce uwar waccan yarinyar ta shigo da gudu, ni kuma ta ji muryata ina dariya.

Yanzu ga inda aka kwana. Ashe alƙalin wasan ya rubuta rahoto, makaranta ma ta sanar, lig ya buɗe bincike. Dokarsu ta ce duk yaron da ya bugu a ka ya nuna alama, a fitar da shi, ko me iyaye suka ce. Koci ya rubuta cewa bai ga wata alama a jikinta ba, kuma ni ma ban gani ba. Sun aiko min da imel suna son in rubuta abin da na gani, in sa hannu, kafin Juma'a. Ranar Lahadi bayan azahar Alhaji Tsoho, dattijon masallacinmu, ya zo gidanmu da iyaye huɗu, da kwandon kayan marmari. Suka duba yarinya, suka yi addu'a, sannan suka zo kan abin da ya kawo su. Wai ƙaddara ce ta riga fata, a bar kaza cikin gashinta. Wai in na rubuta cewa ta yi tangaɗi za a dakatar da Koci, ƙungiya ta watse, 'yan mata goma sha bakwai su koma yawon titi ko hannun waɗanda ba su san darajar ɗankwali ba. Wai ba a kai ƙarar ɗan'uwa wurin baƙi. Wata 'yar Kumasi da muke mutunci da ita ta tuna min, cikin lumana, cewa kowa ya ji da bakina na ce ta ci gaba. Mijina ya raka su har bakin lif, ya dawo ya ce min shi ba zai iya haɗa ido da mutanen garinsu ba in na tona wa Issoufou asiri. Shi Kocin ya zo sau biyu, ya zauna a falo yana hawaye, na kuma yarda hawayen gaskiya ne. Amma bai janye abin da ya rubuta ba.

Gaba kura baya sayaki. In na faɗi gaskiya na rusa abin da ya amfani 'ya'yan mutane, na tona wa kaina asiri, na ɓata da mijina. In na yi shiru na sake yin ƙarya a kan 'yata, karo na uku. Ina jin haushin Koci, ina jin haushin matan nan, amma wallahi ba wanda na tsana kamar matar da ta zauna a kujerar nan tana dariya. Anti, me zan rubuta? Kuma yaya zan yi 'yata ta sake kallona?

Uwar da ta yi kara,
Parkchester

*

'Yar'uwata,

Sannu. Allah ya ba Safiatu lafiya, ya sanyaya miki zuciya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma zan yi miki magana kai tsaye, don lokaci ya ƙure.

Kafin lig, kafin Alhaji Tsoho, akwai likita. Gobe ki kira ta, ki gyara abin da kika faɗa mata. Ki ce yarinyar ta yi tangaɗi, ta rasa inda za ta nufa, ta ƙara minti ashirin a fili, ta sake sa wa ƙwallo kai sau biyu, ta yi amai, ta kwana biyu ba a duba ta ba. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Likita tana yi mata magani ne a kan labarin da bai cika ba, kuma mako bakwai da ciwon kai ya isa a tambaya ko za a tura ku wurin ƙwararru a wannan fanni. Ki gaya mata maganar haddar da ke kuɓuce mata, da zaman ɗaki a duhu, don ciwon nan yana taɓa zuciya, ba kai kawai ba. Kada kuma ta koma fili sai likita ta ba da izini a rubuce, ko wa ya roƙa.

Sai maganar laifi. Kin yi kuskure, ba zan shafa miki mai a baki ba, ke ma ba shi kika zo nema ba. Amma in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Koci Issoufou Bahaushe ne, ya san amsar da uwa za ta bayar in an tambaye ta game da 'yar farinta a gaban mata ashirin. Shi ke tsaye a kan yarinyar, shi ya ga idanunta, shi aka koya wa dokar. Hukuncin nasa ne, sai ya ɗauke shi ya aza miki, da harshen da alƙalin wasa ba ya ji, ana saura minti ashirin yana da ci ɗaya. Ban ce da mugun nufi ya yi ba. Mutum yakan so cin wasa har ya daina ganin abin da ke gabansa. Alherin da kika lissafa masa duk gaskiya ne, samun irinsa a garin nan ba abu ne mai sauƙi ba. Sai dai amana da aka damƙa masa ba ta tsaya a kan salla da raka yara tasha ba, ƙoƙon kansu ma yana ciki. Kuma mai hawayen gaskiya yana iya ɗaukar alƙalami ya gyara abin da ya rubuta.

Su Alhaji Tsoho ma ba don mugunta suka zo ba, tsoro ne, kuma tsoron nasu yana da tushe. Amma 'yan matan nan goma sha bakwai da ake cewa ki rufa domin su, ranar Asabar za su koma fili a hannun mutumin da har yanzu bai amsa cewa ya yi kuskure ba. In an binne wannan, darasin da shi da iyaye za su ɗauka shi ne haka ake yi. Wadda za ta faɗi nan gaba ba lallai ta tashi da kanta ba.

Don haka ki rubuta abin da kika gani, ba ƙari ba ragi. Ki sa har da maganar da kika faɗa da bakinki, ki bayyana musu dalili a taƙaice, don wanda ya fara faɗar nasa laifi ba a iya yi masa barazana da shi. Ki kuma rubuta alherin Koci, ki ce kina roƙon a ba shi horo a gyara masa aiki. Ban san abin da za su yanke ba, ba zan yi miki alkawarin ba za a dakatar da shi ba. Kafin ki aika, ki zaunar da maigida ki nuna masa. Ki gaya masa kin san nauyin da yake ji na mutanen garinsu, amma sa hannun naki ne, shaida kuma ba a ba da ita aro. Ki roƙe shi ya je wurin Issoufou, namiji da namiji, ya ba shi dama ya gyara bayaninsa kafin Juma'a. In ya yi haka ya taimaki kansa fiye da duk wani rufin asiri. Alhaji Tsoho kuma a sanar da shi cikin girmamawa, sanarwa ba neman izini ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ƙungiyar da za ta mutu don an taɓa mutum ɗaya, da ma a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Cikin iyaye goma sha takwas a samu biyu su je su yi kwas ɗin koci da na taimakon gaggawa, lig zai gaya muku inda ake yi. Kuma tunda mun san halinmu, kara ba za ta bar mu a rana ɗaya ba, ku juya ta ta yi muku aiki. Ai asalinta ma shi ne in uwa ta kawar da kai, akwai gwaggo ko inna a tsaye da za ta ɗaga yaro. A gida akwai su, a filin Bronx babu, shi ya sa kowa ya zauna yana jiran kowa. To ku raba yaran a tsakaninku, kowace uwa ta zama mai lura da 'yar wata, da ikon ta ce a fitar da ita ba tare da an yi gardama ba. Ba wadda ke jin kunyar tsaya wa 'yar makwabciya.

Ga sauran iyaye masu karanta wannan fili, ku ci gaba da tambayar sallar koci da asalinsa, ban hana ba. Amma ku ƙara da tambayar abin da zai yi in gwanar 'yan wasansa ta bugu a ka ana dab da tashi. Ku kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa. Takardar da aka ba ku kuma ku zauna ku karanta.

Na bar mafi wuya a ƙarshe, kodayake shi ya kamata ki fara yi. Ki shiga ɗakin nan, ki zauna a bakin gadonta, ki gaya mata kin ga lokacin da ta yi tangaɗi, kin ji tsoro, kunyar mutane ta fi ƙarfinki, kuma kin yi kuskure. Kada ki haɗa da bayanin yadda aka rene ki, wannan zai zo daga baya in ta tambaya. Ita a nan aka haife ta, ba ta san kawar da kai yana iya zama ƙauna ba, abin da ta gani shi ta gani. Ki nemi gafararta. Na san a wurinmu uwa ba ta saba yi wa 'ya haka ba, harshenki zai yi nauyi, ki daure. Sannan ki karanta mata abin da kika rubuta wa lig kafin ki aika. Mai yiwuwa ta ci gaba da kallon bango. Kada ki matsa mata, ki dawo washegari.

Ki shirya, za a daina gaishe ki a wasu wurare, wasu ƙawayen za su janye jiki, gidanki ma zai yi sanyi na ɗan lokaci. Duk wannan ana iya jure shi. A waccan Asabar ɗin an tambaye ki game da 'yarki, kika ba da amsar da jama'a ke son ji. Ba kowace uwa ake sake tambaya ba. Ke an sake tambayar ki, kuma wannan karon ma tana saurare.

Allah ya ba ki ƙarfin hali, ya tashi kafaɗar yarinya, ya mayar mata da haddarta da dariyarta, ya daidaita tsakaninku.

Taki,
Anti Rafia